Inji ya cinye yatsun maigidana, kamfanin inshora ya ƙi biya amma yana ci gaba da cire kuɗi

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Maigidana ma'aikaci ne a wata masana'antar roba da ke Sharaɗa a Kano. Yau wata biyar ke nan da inji ya kama masa hannun dama, aka yanke masa yatsu uku, kuma har yanzu bai koma aiki ba. Ya fi shekara biyu yana biyan inshorar hatsari, ana cire kuɗin daga asusunsa na banki duk wata. Da muka nemi diyya sai kamfanin inshorar ya ce akwai watanni biyu da kuɗin bai shigo musu ba, kuma wai raunin nasa bai kai naƙasa ta dindindin ba. Amma ko a watan jiya sun cire kuɗi. Ita kuma masana'antar ta ce za ta ba shi wani abu idan ya sa hannu a wata takarda. Mene ne abin yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba maigida lafiya, ya sa kaffara ce, ke kuma ya ba ki ladan jinya. Na yi shekaru ina aikin duba takardun masu neman diyya a harkar inshora, kuma irin wannan magana taku ta sha zuwa gabana. Daga abin da kika faɗa, haƙƙinku bai faɗi ba, amma lokaci yana tafiya.

Kafin komai, kada maigida ya sa hannu a takardar masana'antar nan tukuna. Ku karɓi kwafinta, ku kai wa lauya ko wani da ya san aiki ya karanta muku kalma bayan kalma. Galibin irin waɗannan takardu suna ɗauke da jimla guda da ke cewa mutum ya karɓi kuɗin a matsayin biyan ƙarshe, ba shi da sauran magana. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ce duk yarjejeniyar da ma'aikaci ya yi da ubangidansa cewa ya yafe diyyar da dokar ta ba shi, yarjejeniyar banza ce. Duk da haka, warware takardar da aka riga aka sa wa hannu yana cin lokaci da kuɗin lauya, ku kuwa yanzu ba ku da rarar ko ɗaya. Idan taimako suke son yi, su bayar a rubuta cewa taimakon jinya ne. Wannan babu laifi a karɓa.

A cikin tambayarki na lura hankalinku duk ya tafi kan kamfanin inshora, alhali akwai wata ƙofa da ta fi ta girma wadda ba ki ambata ba. Wanda ya ji rauni a wurin aiki a Najeriya yana da haƙƙi a ƙarƙashin dokar da na ambata, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Disamba na 2010, ta maye gurbin tsohuwar dokar 1987. Hukumar NSITF, wato hukumar gwamnatin tarayya mai kula da diyyar ma'aikata, ita ce ke tafiyar da asusun da ake biyan diyyar daga cikinsa. Tsarin shi ne kowane mai ɗaukar ma'aikata ya riƙa zuba aƙalla kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansa duk wata, daga aljihunsa, kuma dokar ta hana shi cire wannan kuɗi daga albashin ma'aikaci. Ba a tambayar laifin wane ne kafin a biya. Ko da an ce maigida ne ya yi sakaci ya kai hannu inda bai dace ba, abin dubawa shi ne a bakin aiki abin ya faru. Kada kuma wani ya ce muku ai shi ma'aikacin wucin gadi ne ko ɗan kwantiragi, don haka ba ya ciki. Ma'anar ma'aikaci a dokar ta haɗa da na wucin gadi, da mai aikin rabin rana, da ɗan koyo, har da wanda aka ɗauka da baki ba tare da takarda ba. Sojoji ne aka ware.

Abin da ya sa na ce wannan ƙofa ta fi girma shi ne yadda ake lissafinta. Inshorar hatsari ta kamfani yawanci dunƙule ɗaya take biya, an gama. Ita kuwa dokar 2010 ga albashi take kallo. Wanda ya naƙasa gaba ɗaya har abada, ana ba shi kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata. Wanda naƙasarsa ta wani sashe ce, kamar maigida, ana ƙiyasta abin da raunin ya rage masa na samu, a ba shi kashi 90 cikin 100 na wannan giɓin. A matsayin misali kawai: idan da yana ɗaukar naira 120,000, yanzu kuma aikin da hannun zai iya bai wuce na naira 70,000 ba, giɓin naira 50,000 ne, kashi 90 ɗinsa kuma naira 45,000. Ga wanda bai kai shekara 55 ba a ranar hatsarin, biyan yana iya tafiya har ya kai 55 ko lokacin da zai yi ritaya. Akwai kuma tanadin kuɗin magani da kayan da za su taimaka wa mai rauni ya koma neman abinci.

To amma dokar tana da wa'adi, kuma a nan ne mutanenmu suka fi yin asara. Ma'aikaci zai sanar da wurin aikinsa cikin kwana 14. Wurin aikin zai kai rahoto ga hukumar cikin kwana 7. Takardar neman diyya kuma a shigar da ita cikin shekara ɗaya daga ranar hatsarin, sai in akwai wani uzuri na musamman da hukumar ta gamsu da shi, shi ne ake iya ɗagawa zuwa shekara uku. Batun kwana 14 kada ya tayar miki da hankali, tunda a gaban idonsu abin ya faru, kuma dokar ta yi sassauci idan wurin aikin ya riga ya sani. Shekara ɗayar ce abin tsoro. Kun ci wata biyar. Na ga mutane da dama da aka riƙa ce musu "manaja ya yi tafiya", "ana kan duba maganarka", suna haƙuri saboda kunya da gudun ɓata dangantaka, har shekara ta zagayo. A bari ya huce shi ke kawo rabon wani. A cikin makon nan maigida ya tambayi masana'antar a rubuce: shin kun yi rajista da NSITF, kun kai rahoton hatsarina, kuma a wace rana? Ko sun amsa ko ba su amsa ba, ya je ofishin hukumar da kansa da katin aikinsa da takardun asibiti, ya bar wasiƙa mai kwanan wata, a buga masa hatimi a kwafinsa. Cikas mafi yawa a aikace shi ne a tarar wurin aikin bai yi rajista ba, ko ya daina zubi. In haka ta kasance, laifin nasu ne, kuma magana ta koma ta lauya da Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda take da reshe a Kano. Idan babu halin ɗaukar lauya, Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta gwamnatin tarayya tana karɓar irin wannan ƙara ta diyyar ma'aikaci. Ku kuma nemi shawarar lauyan tun kafin ku zaɓa tsakanin karɓar diyyar hukuma da shigar da ƙarar sakaci, domin bin ɗaya yana iya toshe ɗayar.

Yanzu mu dawo kan kamfanin inshora, mu fara da maganar watanni biyun nan. Akwai ƙa'idar da harkar inshora a Najeriya ta daɗe a kanta: idan ba a biya kuɗin inshora ba, babu kariya. Ta kasance a sashe na 50 na tsohuwar dokar inshora ta 2003, wadda aka maye gurbinta a 2025, kuma hukumar NAICOM mai kula da kamfanonin inshora ta tsaurara aiki da ita daga farkon 2013. Don haka kamfanin bai ƙirƙiri hujjar ba. Sai dai tambayar da ban ji kun yi musu ba ita ce: waɗanne watanni biyu? Duk maganar a nan take. Inshorar hatsari ranar hatsari take kallo. Idan a ranar da injin ya kama hannunsa babu bashin ko kwabo a kansa, to kariyar tana raye a ranar, kuma abin da ya biyo baya ba ya goge ta. Abin da na fi gani shi ne mutum ya ji rauni, albashi ya tsaya ko ya ragu, kuɗin asusu ya tafi a magani, banki ya zo cirewa ya tarar babu komai, sai kwamfutar kamfani ta rubuta cewa inshorar ta mutu. Ma'aikacin da ke kan tebur ya buɗe, ya ga an rubuta ta mutu, ya tura wasiƙar ƙin biya ba tare da ya gwada ranakun ba. Ba kullum mugunta ba ce, sau da yawa gaggawa ce da rashin kula, amma ga mai jinya duk ɗaya ne.

Idan kuwa watannin kafin hatsarin ne, to sai a bi sawun kuɗin. Ku je banki ku karɓi takardar shige da ficen asusun tun daga watan da aka fara cirewa, mai hatimin banki, domin saƙon waya shi kaɗai ba ya wadatarwa. Ku kuma nemi kamfanin ya ba ku nasa lissafin na duk abin da ya karɓa. Ku jera su wata bayan wata. Wuri uku kuɗin ya saba maƙalewa. Ko dai asusun ba kuɗi a ranar cirewa. Ko banki ya cire, kuɗin ya isa kamfani amma ba a liƙa shi da lambar inshorarku ba, ya zauna a wani asusu na kuɗin da ba a gane mai su ba. Ko kuma an taɓa ba ejan kuɗi a hannu bai kai ba. A na biyun, kamfani ba shi da hujja ko kaɗan. A na ukun, rasit ne zai yi magana. Tsohuwar dokar inshora ta 2003 ta ɗauki kuɗin da dillalin inshora ya karɓa tamkar ya shiga hannun kamfani, amma wanda ya miƙa kuɗi a shago ko a bakin masallaci ba tare da rasit ba, da wuya ya iya tabbatar da komai. Na farkon ne kaɗai yake da nauyi a kanku, shi ma sai an duba takardar inshorar: da yawa suna ba da kwanakin rangwame bayan ranar biya, galibi kusan wata guda, suna kuma da sharaɗin farfaɗo da inshorar idan aka ci gaba da biya.

Cire kuɗin da suke yi har watan jiya kuwa, makami ne a hannunku. Ba zai yiwu su ce inshorar ta mutu sannan su ci gaba da karɓar kuɗinta ba. Ku rubuta musu cewa su fayyace: a wace rana ta mutu, wace sanarwa suka aiko muku a lokacin, kuma kuɗin da suka karɓa bayan nan na mene ne? Sai dai ina jan kunnenku kan abu biyu. Kada ku yi fushi ku je banki ku dakatar da cirewar kafin su ba da amsa a rubuce, don kada ku ba su sabuwar hujja. Kuma idan suka ce za su maido muku da kuɗin watannin baya, kada ku yi saurin karɓa, domin ana iya fassara karɓar da cewa kun yarda inshorar ta mutu. 'Yan dubban da za su maido ba su kai diyyar da kuke nema ba. Ku kuma duba ko takardarku tana da sharaɗin ɗauke wa mai inshora biyan kuɗi a lokacin da yake kwance. Wasu suna da shi, kuma ba kasafai ake tuna wa mutum ba.

Sai hujjarsu ta biyu, cewa raunin bai kai naƙasa ta dindindin ba. Na san yadda wannan magana take da ciwo. Kina kallon hannun mijinki babu yatsu uku, wani yana zaune a ofis yana cewa bai naƙasa ba. Amma kalmar naƙasa a bakinmu daban, a takardar inshora daban. Takardun inshorar hatsari sukan raba ta gida-gida: akwai naƙasa ta gaba ɗaya ta har abada, kamar rasa idanu biyu ko hannu biyu, ko halin da mutum ba zai sake iya kowane irin aiki ba, akwai ta wani sashe ta har abada, akwai kuma ta ɗan lokaci, wadda ake biyan wani abu mako-mako muddin likita ya ce mutum ba zai iya aiki ba, zuwa iyakar makonnin da takardar ta yanke. Yana iya yiwuwa kamfanin ya yi gaskiya cewa maigida bai shiga gida na farko ba. Wannan ba ya nufin ba ya cikin na biyu da na uku. A bayan takardar, ko a wani shafi da aka maƙala, za ku ga jadawali da ya jera gaɓoɓi: babban yatsa kashi kaza, manuniya kashi kaza, kowace gaɓar yatsa kashi kaza, wani lokaci ma hannun dama ya fi na hagu. Idan, misali, jimillar inshorar naira miliyan 2 ce kuma yatsun uku suka haɗu suka ba da kashi 20 cikin 100, to naira 400,000 ke nan, ban da na makonnin jinya da kuɗin asibiti in takardar ta ƙunshe su. Na sha ganin an ƙi biyan mutum don kawai wanda ya cike masa fom ya zaɓi gidan da ba nasa ba, kuma babu wanda ya kira shi ya ce ya gyara. Idan takardar ta ɓace, ko ejan bai taɓa kawo muku cikakkiyarta ba, ku nemi kwafi a rubuce. Haƙƙinku ne.

Akwai jimla guda da nake so a karanta muku da kyau idan tana ciki: shin takardar tana maganar kasa yin aikin da mutum ya saba ne, ko kasa yin kowane irin aiki? Mai sarrafa inji da ya rasa yatsun dama ya kasa aikinsa, amma kamfani zai ce ai zai iya gadi ko tsaron shago. Bambancin kalmomin nan biyu ya sha raba mutum da diyya mai yawa, kuma ba a cika bayyana shi a ranar da ake tallata inshorar ba.

Duk wannan ba zai yi aiki ba sai da rahoton likita mai ƙarfi. Takardar da ta ce kawai an kwantar da shi, an yi aiki, an sallame shi, ba ta isa ba. A nemi rahoton likitan ƙashi ko likitan tiyatar da ya yi aikin, ya faɗi ranar da aka kawo shi, abin da ya jawo raunin, waɗanne yatsu aka yanke kuma daga wace gaɓa, wane hannu yake aiki da shi, ƙarfin riƙon da ya rage, makonnin da ya yi ba zai iya aiki ba, da kuma cewa rashin na har abada ne. A Kano akwai ƙwararrun wannan fanni a Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. A haɗa da hotunan ƙashi, katin asibiti, da duk rasit na magani komai ƙanƙantarsa. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, kuma a wannan harka tsagewar ita ce ranar da ta saɓa tsakanin takarda da takarda, ko sunan da aka rubuta iri biyu. Bari in ɗan ratse saboda sauran masu karatu: wanda ya karye ya wuce kai tsaye wurin mai ɗori, ba asibiti ba, ya sani cewa ya bar kansa babu shaidar da kamfani ko hukuma za su karɓa. Ba ina raina masu ɗori ba ne. Amma ko da can za a ƙare, a fara zuwa asibiti a buɗe kati a ɗauki hoto a ranar.

Idan kun haɗa waɗannan, maigida ya rubuta wasiƙar ƙorafi zuwa ga shugaban sashen biyan diyya na kamfanin, gajera, ba zagi ba roƙo: lambar inshora, ranar hatsari, hujjojin da suka bayar, amsarku ga kowace, da abin da kuke nema. Ya nemi su nuna sakin layin da suka dogara da shi wajen ƙin biya. Duk abin da aka faɗa muku a waya, ku ce a aiko a rubuce, ku kuma riƙa rubuta rana da sunan wanda kuka yi magana da shi a wani ɗan littafi. Idan suka yi shiru ko suka kafe, sai ku kai ƙorafi NAICOM, tana da sashen karɓar koke-koken masu inshora kuma ba a biyan kuɗi. Kamfanoni suna ɗaukar wasiƙar da ta fito daga can da muhimmanci, tunda lasisinsu a hannunta yake. Idan bincike ya nuna kuskuren daga banki ne, a fara da bankin a rubuce, in bai warware ba a wuce sashen kare masu hulɗa na Babban Bankin Najeriya. A ɓangaren NSITF kuma, wanda bai gamsu da hukuncin hukumar ba yana da kwana 180 ya nemi a sake dubawa, daga nan sai Kotun Ma'aikata.

Idan maigida yana da asusun fansho, dokar fansho ta 2014 ta yarda wanda likita ya tabbatar ba zai iya ci gaba da aikinsa ba ya taɓa kuɗinsa kafin shekara 50, haka ma wanda ya rasa aiki ya yi wata huɗu bai samu wani ba yana iya ɗaukar kashi 25 cikin 100. Ni dai shawarata a bar wannan a ƙarshe, domin guzurin tsufansa ne.

Na san za a samu masu ce muku ƙaddara ce, a bar wa Allah. Ƙaddara ce, babu shakka, kuma mun karɓa. Amma kuɗin nan ba sadaka kuke roƙo ba. Ɗaya guminsa ne da aka yi shekara biyu ana cirewa, ɗayan kuma doka ce ta ɗora wa wurin aikinsa tun ranar da suka ɗauke shi. Ga yara, ga haya, ga hannun da yake ciyar da gidan ya samu rauni. Wanda kuma zuciyarsa ba ta kwanta da inshorar da aka saba ba, akwai kamfanonin takaful masu lasisi da ke aiki bisa tsarin Musulunci, sai dai su ma takarda da wa'adi suke bi, don haka karatun sharuɗɗa bai faɗi a kan kowa ba.

Wajen kai takardu, kada ku ba kowa na asali. Ku yi kwafi uku na komai, ku ɗauki hotonsu a waya, na asalin su zauna a gida. Tunda hannun da maigida yake sa hannu da shi ne ya samu rauni, ya fara zuwa banki a sabunta sa hannunsa ko a ɗauki hoton yatsansa na hagu, kuma a ambaci haka a cikin wasiƙun, don kada a dawo muku da fom a ce sa hannun bai yi daidai da na farko ba. Ranar zuwa ofisoshin kuma ya tafi da ɗan'uwa ko wakilin ƙungiyar ma'aikatansu wanda zai iya karatu da rubutu a madadinsa.